Gidan Wa Ka Sha?

A shekarar da damina ta ƙi zuwa, gwamnatin soja ta sanar a rediyo cewa za a yi bikin matasa na ƙasa kamar yadda aka saba. Babu hatsi, babu ciyawa, shanu suna faɗuwa a bakin hanya, mutanen arewa sun kafa bukkoki a bayan gari suna jiran jar dawar taimako. Amma an tabbatar wa jama'a cewa ganguna suna nan lafiya. Kowace jiha za ta aika da tawagarta. A Maraɗi aka kafa kwamitin zaɓe, aka ba shi ɗaki ɗaya, tebur ɗaya da hatimi.

Maliki, ɗan Alhaji Barmo na Sabon Gari, yana son sunansa ya shiga takardar tawagar nan fiye da duk abin da ya taɓa so. Shekararsa ashirin. Ya faɗi jarrabawar brebe, ta gama ƙaramar sakandare, sau biyu, na biyun ma ba tare da ya wahalar da masu gyaran takarda ba. Abin da ya iya a duniya shi ne keke.

Keken ya zo ne cikin kayan gwanjo da kamiyon mahaifinsa, babbar motar kaya, ya ɗauko daga Kwatano, can bakin teku. Tayunsa ƙanana ne masu kauri, sirdinsa a ƙasa, ba shi da kariya ta ɗaukar kaya, ba ƙararrawa, ba fitila. A jikinsa an rubuta BMX, a tsakiyar kowace taya kuma wasu gajerun ƙarafa sun fito dama da hagu, ba wanda ya san amfaninsu. Ya yi wata huɗu a kasuwa ba a ko taya shi ba, domin a Maraɗi keken da ba ya ɗaukar buhu ba keke ba ne. Daga ƙarshe aka jefa shi mangazar Alhaji, ɗakin ajiyar kayansa, can Maliki ya same shi.

Mangazar nan a da wake da gyaɗa ke cika ta har rufi. Fari, da ya soma tun bara waccan, ya kwashe su, ya bar daɓen siminti sumul, taku sittin a tsawo. Maliki ne mutum ɗaya a jihar da fari ya yi wa alheri. Shekara biyu Maliki yana faɗuwa a kan daɓen. Ya koyi ɗaga tayar gaba ya tafi a kan ta baya daga bango zuwa bango. Ya koyi tsayawa cak a kan taya ɗaya yana tsalle kamar fara. Ya gano cewa ƙarafan nan na taka ƙafa ne, ya koyi tsayawa a kansu ya murza kan keken ya zagaya ya dawo hannunsa. Ya koyi tsallake tanon mai, wato gangar ƙarfe, a kwance, ɗaya, sannan biyu. Feda ta ci ƙwaurinsa har ba sauran wurin sabon tabo. Haƙorinsa ɗaya na gaba ya rage rabi.

Alhaji Barmo ya kira shi wata safiya bayan karin kumallo.

"Kai, zauna. An ce mani kana son ka je wasan gwamnati."

"I, Baba."

"Da keken yara."

"Ba na yara ba ne, Baba. A ƙasashen..."

"Ni na sayo shi, na san na wane ne. Saurara. In gwamnati ta rubuta sunanka a takarda ta buga hatimi, na yarda abin ga sana'a ce, in bar ka. In ba ta rubuta ba, ranar Asabar ta sama Abdu zai tashi da kamiyo zuwa Kwatano. Ka bi shi, ka zauna mangazarmu ta can, ka koyi abin da ake ci da shi. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Kwana goma sha biyu ke nan.

Sakataren kwamitin, Maman Lawali, tsohon malamin lakwal ne, makarantar boko, don haka kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci. Mutum ne mai tsabta da ladabi, wanda ya yi imani cewa duk abin da Allah ya halitta yana da layinsa a takarda. Ya saurari Maliki har ƙarshe, ya fita tsakar gida ya kalle shi yana tsalle a kan taya ɗaya, har ya ce "kai!" sau biyu. Sannan suka koma ciki ya buɗe takardar.

"Kokawa. Langa. Rawa. Waƙa. Wasan kwaikwayo. Tseren keke. Al'adun gargajiya. Wanne ne naka?"

"Ba ko ɗaya, Mushe. Sabon abu ne."

"Babu layin sabon abu."

"A ƙara layi mana."

Maman Lawali ya dube shi da tausayi. "Takardar ga daga Yamai ta zo, ɗana. Wanda ya zana layukan ga kaftin ne. Kana so in rubuta mashi cewa ya manta ɗaya?"

Maliki bai so ba.

"To. Keke ne ko ba keke ba?"

"Keke ne."

"Tseren keke. Lahadi, ƙarfe bakwai, daga nan zuwa Jiratawa a dawo."

Ranar Lahadi mutum goma sha bakwai suka tsaya a layi, sha shida a kan dogayen kekuna, ɗaya a kan abin da gwiwoyinsa ke kusan taɓa haɓarsa. In wasu suka taka sau ɗaya, shi sai ya taka sau uku. Tun kafin a fita gari ya daina hango ƙeyar kowa. A Jiratawa matan da ke ban ruwa a gonakin rani suka tambaye shi ko ƙanensa ya ƙwace wa keke. Ya zo na sha bakwai. Wanda ya zo na sha shida tayarsa ce ta fashe, da hannu ya turo nasa. Lokacin da Maliki ya iso an riga an naɗe tabarmi, Maman Lawali kaɗai ya rage, don ba ya son ya rufe takarda da gurbi.

"Ba tsere ba ne abin naka," ya ce, kamar shi ya gano.

"Na faɗa maka, Mushe."

"Ka faɗa. Amma yanzu an gwada, akwai shaida." Ya bi layukan da bakin alƙalami har ƙasa. "Saura gargajiya. Alhamis a Tsibiri. Sarkin Tauri Sha'ibu ke zaɓe, ni rubutu kawai nake."

"Mushe, keken da ya zo cikin kwali daga bakin teku, ta ina ya zama gargajiya?"

"Ta inda babu wani layi."

Ranar Alhamis da hantsi Maliki ya taka keken zuwa Tsibiri. An yi rumfa a filin bayan kasuwa. 'Yan tauri sun fi kowa yawa, da wuƙaƙe da takubba, suna ja a wuya da ciki ƙarfen ya ƙi shiga. Akwai mai wasa da macizai, akwai mai cin wuta wanda aka ce bana shi kaɗai ke cin abu mai zafi kullum. Jama'a sun cika wurin. Ba su da abin yi a gona, ba su da abin yi a gida.

Sha'ibu dattijo ne gajere, fatarsa sumul kamar ta jariri, yana zaune a kan turmi da aka kife. Duk wanda zai shiga fili sai ya durƙusa gabansa ya faɗi gidan da ya sha magani, wato wanda ya ba shi da wanda ya ba wancan, don makaɗi ya san kirarin da zai yi masa. Haka ake yi tun kafin a haifi kaftin ɗin da ya zana layuka.

Maliki ya durƙusa.

"Ɗan wa?"

"Ɗan Alhaji Barmo, Sarki. Sabon Gari."

"Madalla. Gidan wa ka sha?"

"Ban sha ba, Sarki."

'Yan taurin da ke kusa suka yi dariya. Sha'ibu bai yi ba.

"An gaya mani abin da kake yi da ƙarfen ga. Mutum ba ya tsayawa kan taya guda haka kawai. In mai gidanka ya ce ka ɓoye sunanshi, faɗa mani a kunne."

"Wallahi babu kowa. Koya na yi. Shekara biyu, kullum, ni kaɗai. Duba ka gani."

Ya janye ƙafafun wandonsa har gwiwa. Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, ya daɗe yana jiran ranar da wani zai nemi ganinta. Tabo a kan tabo, wasu fari, wasu baƙi, ɗaya bai gama warkewa ba.

Na kusa suka leƙo. Sannan wani ɗan tauri mai jan rawani ya ce, "Subhanallahi. Wa ya cuce ka haka?"

"Ba wanda ya..."

"Jabu aka ba shi," in ji wani. "Ƙarfe ya ci shi kamar rake."

"Ɗan Alhaji, kuɗinka nawa suka tafi? Faɗi sunan mutumin mu je mu same shi!"

A wurin 'yan tauri, tabo ba shaidar ƙoƙari ba ne. Shaida ce cewa maganinka na banza ne. Maliki ya kawo shekara biyu na aikinsa ya baje a gaban mutanen da duk sana'arsu ita ce kada a ga ko ƙwarzane a jikinsu.

"Rufe," Sha'ibu ya ce. "Akwai mata a wurin ga." Ya jawo shi kusa ya rage murya. "Saurara, ɗana. Ba na shigar da mutum fili ba gida. In ka ce gidana ka sha, makaɗi ya kaɗa maka, Mushe ya rubuta. Ba sai ka haɗiye komi ba."

"Sai a ce kai ka yi mani."

"Sai a ce."

"Amma ni na yi! Ni na faɗi, ni na tashi. Haƙorina ga shi nan."

"Na ga haƙorinka." Dattijon ya nuna taron da haɓa. "Kana tsammani waɗanga sun tako rana don su kalli wanda ya wahala? Wahala bana kowa ya baro ta gida. Abin da ba su da shi suka zo gani."

Maliki ya miƙe. "Bari in yi su gani. Ba kiɗa, ba kirari. In na gama a yanke."

Sha'ibu ya ɗaga kafaɗa. "Fili na Allah ne."

Filin kuwa rairayi ne. Maliki ya taka sau uku tayar ta nutse, ya yi ƙoƙarin ɗaga gaba keken ya kwanta da shi a hankali, kamar jakin da ya gaji. Yara suka yi ihu. Mai jan rawani ya ce a kawo tsintsiya a share wa ɗan Alhaji ƙasar Gobir.

Ya tashi yana tofar da yashi, ya duba ko'ina. Wuri ɗaya ne mai tauri a duk filin: rijiyar unguwa, wadda ta ƙafe tun watan jiya. An zagaye ta da daɓen siminti mai faɗi, a tsakiya kuma bakinta, gini ne da ya kai gwiwa, kaurinsa bai wuce taki ɗaya na hannu da rabi ba. Zurfinta gaba ashirin, in ji masu gari, kuma yanzu ba ruwan da zai tari mutum.

Ya ɗauki keken a kafaɗa ya kai shi can. Jama'a suka biyo shi.

A kan siminti keken ya dawo hayyacinsa. Maliki ya zagaya daɓen sau ɗaya a kan tayar baya. Ya tsaya cak, ya taka ƙarfen gaba, ya murza kan keken ya juya ya dawo tafinsa. Dariya ta ragu. Ya matse birki, ya ɗaga gaba, ya yi tsalle uku a wuri ɗaya, na huɗu ya ɗora tayar baya a kan bakin rijiyar.

Wata tsohuwa ta fara salati.

Ya bi da'irar da ƙananan tsalle, taki bayan taki, tayar gaba a sama, ramin a hagunsa. Bai kalli ramin ba. Bakin ginin yake kallo, inda siminti ya tsage, inda igiyoyin guga suka ci shi suka bar kwari. A rabin hanya tayar ta zame cikin ɗaya daga kwarin igiyar, keken ya karkata hagu, ya jefa kafaɗarsa dama kamar yadda ya yi sau dubu a mangaza, ya dawo. Ya ƙarasa zagayen, ya diro ƙasa a kan tayu biyu, ya sauke ƙafa.

Ba a yi tafi nan take ba. Makaɗin ne ya fara, ba wanda ya sa shi, sannan guɗa ta tashi. Mai jan rawani ya zo ya kama hannun Maliki ya ɗaga sama.

"Na janye maganata! Wanga ba jabu ba ne. Wanga na gaske ne, na tsofaffi!"

"Ba magani ba ne," in ji Maliki, amma ganga ta fi shi murya.

Maman Lawali ya kutso da takardarsa, idonsa har ya yi ruwa. "Ban taɓa ganin irin wannan ba. Sarki ya ce ka shiga." Ya ɗora takardar a kan sirdin keken. "Suna: Maliki Barmo. Fanni: tauri. Saura gida."

"A bar wurin haka, Mushe."

"Ba a barin gurbi. Za su dawo da ita."

"Rubuta mangazar Alhaji Barmo."

"Mangaza ba ta ba da magani."

"Ai shi nake faɗa tun safe!"

Maman Lawali ya jira. Sha'ibu ya iso yana dogara sanda, shi ma ya jira. Jama'a suka kasa kunne don su ji sunan, wasu har da tura kai gaba, saboda duk wanda ya ba da wannan maganin gobe ƙofarsa za ta cika. Sha'ibu ya yi tambayar da ƙarfi, yadda na baya za su ji.

"Ɗan Alhaji, gidan wa ka sha?"

Alhamis ce. Asabar jibi. Maliki ya dubi alƙalamin da ke tsaye a kan gurbin.

"Gidanka, Sarki."

Aka sake guɗa. Maman Lawali ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na malaman da, ya hura wa hatimi iska ya buga, ya ba shi kwafi ɗaya na takardar. Sha'ibu ya dafa kansa, ya ce masa a kunne daga yau dogon wando zai riƙa sawa, kada ya kunyata gida.

Labarin ya riga shi isa Maraɗi. Ranar Juma'a da Alhaji Barmo ya dawo daga masallaci ya tarar da mutum takwas a ƙofar gidansa. Direbobi biyar suna son abin da zai hana mota kifewa. Wani magini yana son na hawa tsani. Wata maƙwabciya, Tsahara, ta kawo jikanta mai shekara biyu wanda ta ce ko a kan tabarma faɗuwa yake. Duk suka miƙe suka gaishe da Alhaji da wata sabuwar girmamawa da bai taɓa samu ba a tafiyarsa Makka sau uku.

Ya sallame su da kansa, ya shiga, ya sa aka kira Maliki. Maliki ya zo da takardar ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya dubi hatimin, ya mayar masa.

"Karanta. Da Hausa."

"Maliki Barmo."

"Ci gaba."

"Ɗan tauri. Gidan Sarki Sha'ibu na Tsibiri."

Alhaji ya ajiye tasbaharsa.

"Na ce gwamnati ta rubuta sunanka. Ta rubuta. Ta haɗa da nawa." Ya gyara zama. "Gaya mani tsakaninka da Allah. Ka sha?"

"Ban sha ba, Baba. Ko ruwansu ban sha ba. Ba za su rubuta ba sai na faɗi haka."

"Wato ƙarya ka yi gaban garin Tsibiri kaf."

"Don takardar, Baba. Kai ka ce..."

"Na san abin da na ce. Yau a sahu liman ya tambaye ni, gaban mutane, ko gaskiya ne ɗana ya shiga masu layu. Mi zan koma in ce mashi? In ce ya sha, ko in ce maƙaryaci ne? Zaɓar mani ɗaya."

"Ka ce ya koya. Ka zo mangaza ka gani da idonka, sau ɗaya kawai."

"In gani in ce mi? Mutum dubu sun gani jiya, mi suka ce?"

Maliki ya naɗe takardar.

"Alkawari na yi, ba na tashinshi. Na yarda sana'a ce, ga hatimi. Amma ba ta gidan ga ba ce. Gobe bayan asuba Abdu zai tashi."

Da gari ya waye Maliki ya fito da jakarsa. Abdu direba, wanda tun Maliki na goye yake jan motar gidan kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "kai, ɗan banza," ya karɓi jakar da hannu biyu ya ce, "Sannu da fitowa, Malam Maliki." Ya buɗe masa ƙofar gaba.

Kafin ya hau sai ya ɗaga kai. A saman kan motar, tsakiyar fitilu, an ɗaure keken a tsaye da igiya sabuwa, tayar gaba tana kallon hanya.

"Baba Abdu, wa ya sa a ɗora wannan?"

"Ni na roƙi Alhaji. Ya ce in kai shi duk inda na ga dama, shi dai kada ya ƙara ganinshi."

"Ba ya yin komi. Ƙarfe ne da roba. Wallahi tallahi ba ya yin komi."

"Haka ne, Malam," in ji Abdu yana murmushi. "Haka masu abin suke cewa."

Suka fita gari, suka wuce bukkokin masu jiran dawa, suka wuce mararrabar Tsibiri. Kamiyon na ɗauke da fatu har sama da ƙa'ida, yana rangaji. Abdu, wanda shekara ashirin ba a taɓa jin ya wuce sittin ba, ya taka mai har allurar ta kai tamanin da biyar. Kwana ta farko ta taso, bai ko kalli birki ba.

"Baba Abdu, rage! Don Allah rage!"

"Haba, Malam," ya ce, yana ƙara takawa. "Da kai a ciki?"

Maliki ya riƙe ƙofar da hannu biyu. Saura kwana uku su kai Kwatano.